Lokacin da Maganin Inna Ke Aiki

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya san mutanen da na ƙasar Katsina ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba faɗa muka yi ba, ba kuma wani laifi na yi mata ba. Kunya ce, irin wadda ta taho da ita daga garinsu lokacin da Baba ya samu aikin masaƙa a Kakuri, cikin Kaduna, suka tare a unguwar Makera. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa a gaban mutane. In tana son in yi shara, sai ta dubi bango ta ce, "Wasu dai ba su ga tsakar gidan nan ba." Ni ce wasu. Ranar da na ɓata mata rai kuwa, ni ce waccan.

Bayana maza ne suka jeru, suka girma, neman abinci ya watsa su Legas da Abuja. Sai can da na zama budurwa aka haifi Auta. A bayana ta yi wayo, ni na koya mata tafiya a bakin rijiyar gidanmu. Amma duk abin da aka rufe mini, ita a buɗe ta same shi. Inna ta kira sunanta, ta gutsure shi ta yi mata na shagwaɓa, ta yi mata kirari tana yi mata kitso. Mu Inna muke cewa, ita kuwa da ta shiga makaranta ta dawo da "Momi", kuma aka amsa mata. Tun bakinta bai gama buɗewa ba ta zama 'yar aike tsakanina da uwar da ta haife ni. Ina zaune a nan, Inna na zaune a can, tabarma ɗaya, sai ta ce, "Je ki ce wa yayarki ta sauke tuwon nan." Yarinya ta juyo ta maimaita mini abin da kunnena ya riga ya ji.

An ce kishi kumallon mata, mutane kuma da sun ji haka sai hankalinsu ya tafi wurin namiji. Ni mijina har ya koma ga Allah bai taɓa hana ni barci ba. Kishina kaf a kan ƙanwata ya ƙare. Ina sonta, in wani ya taɓa ta sai inda ƙarfina ya ƙare, amma in na ji Inna ta ƙwala mata kira daga ɗaki, sai kishin ya taso mini. Na yi aure, na haihu, na aurar, furfura ta fito mini, abin nan bai sake ni ba. Abu ɗaya nake so a duniya wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne in ji sunana a bakin Inna ko da sau ɗaya ne kafin ɗayanmu ta mutu.

Ciwon ya fara ne da ido. Fatar idonta ta hagu ta riƙa saukowa kamar mai jin barci. Da safe garau, kafin la'asar ta rufe rabin idon. Maƙwabta suka ce iska ce, wasu suka ce hawan jini ne ke neman shanye mata ɓarin jiki. Daga nan ɗaya idon ya bi sahu. Sai tauna ta fara gagararta, ta ɗauki tsokar nama ta yi ta juyawa har ta gaji ta fitar. In ta yi magana mai tsawo sai muryar ta koma ta hanci, ta yi ƙasa, ta ɓace, har sai ta sa hannu ta tallafe haɓarta. Muryar nan ita ta fi tayar mini da hankali, kuma ba don Allah kaɗai ba. Na ce a raina, shi ke nan, bakin zai rufe da sunana a ciki.

Baba ya riga ya rasu, mazan kuma sai dai waya. Na rufe ɗakina, na sa aka ɗauko mini keken ɗinkina a a-kori-kura, na tare wurin Inna. Ba wanda ya roƙe ni. Babba ai ba a roƙonsa, a gane kawai ake yi cewa shi ne.

Auta ta yi karatun haɗa magunguna, tana aiki a wani asibiti wajen Barnawa, gidan mijinta kuma a Mahuta. Ita ta kai mu wurin likita. Mutumin ya sa Inna ta kalli sama ta daɗe, yana duban yadda fatar idon ke zamewa a hankali. Sannan ya aika a kawo masa ƙanƙara. Na ɗauka ruwan sanyi zai sha. Sai ya naɗe ta a ƙyalle ya ɗora mata a ido na ɗan lokaci, yana ɗagawa sai ga ido tar, kamar ba shi ba. Salati ya kuɓuce mini. Ni ce a gabanta riƙe da jakarta da takalmanta, amma idon nan da ya buɗe sai ya tsallake ni ya nemo Auta a bayan likita ya yi mata murmushi. An ɗebi jini, bayan kwanaki aka tabbatar da ciwon, aka faɗi wani dogon suna na Turanci wanda har yau ban iya shi ba.

A zauren gidanmu na tsare Auta na ce ta yi mini bayani da Hausa, ba da yaren asibiti ba.

Ta ce, "Yaya, kin san in za ki ɗaga hannu, daga ƙwaƙwalwa umarni ke tasowa. Yana bin jijiyoyin saƙo, ba na jini ba, kamar yadda wuta ke bin waya. To amma wayar ba guda ɗaya ba ce miƙaƙƙiya. Ƙwayoyi ne a jere, wannan ta miƙa wa wannan. Kuma abin mamakin, ba sa taɓa juna."

Na ce, "Ba sa taɓa juna kuma? To ta ina saƙon ke wucewa?"

Ta jawo ni bakin ƙofa ta nuna mini lungun da ke tsakanin gidanmu da na maƙwabta. "Kin ga katangarmu, ga tasu. Kusa suke amma ba su haɗu ba. Tsakanin ƙwayar jijiya da 'yar'uwarta akwai irin wannan lungun, sai dai ƙanƙani ne, ido ba ya ganinsa. Shi muke ce wa sinaps. In wutar ta iso bakin katanga ba ta iya tsallakewa. Sai ƙwayar ta saki wani sinadari, kamar a ce ta turo yara da kwanukan abinci. Su tsallaka lungu, su sami ƙofofi a wancan gidan, kowane kwano da irin ƙofar da yake shiga. In suka shiga da yawa, sai wuta ta tashi a wancan gidan, saƙo ya ci gaba. Wani sinadarin cewa yake a yi, wani kuma cewa yake a bari. Tunaninki, tafiyarki, har wannan hararar da kike yi min, duk ta haka suke wucewa."

"Ita Inna fa?"

"Ita Momi lungun ƙarshe ne ya samu matsala, wanda ke tsakanin jijiya da tsoka. Garkuwar jikinta ce ta rikice, ta bi ƙofofin tana toshewa. Ƙwaƙwalwarta lafiya lau, jijiyar ma lafiya lau, tana aikowa. Yaran su zo su tarar yawancin ƙofofi a rufe. Da safe ta huta, aiken na da yawa, sai a samu na shiga. In ta yi ta amfani da tsokar sai aiken ya ragu, ƙofofin kuma ga su kaɗan, sai fatar ido ta faɗi."

Na tambaye ta maganin me zai yi, tunda ba buɗe ƙofa zai yi ba. Ta ce a lungun akwai mai shara, wani sinadari ne da ke kwashe saƙon da zarar ya iso, don kada tsoka ta ƙage. Ƙwayar da aka rubuta wa Inna hannun mai sharar take riƙewa, saƙo ya daɗe yana zagaye har ya dace da ƙofar da ke buɗe. In ta sha, bayan kamar rabin awa ƙarfi zai zo, ya yi 'yan awoyi, ya janye. Akwai wasu magungunan kuma na lallashin garkuwar jikin, amma su sai a hankali. Ta ƙara da cewa a cikin ƙwaƙwalwa, lungun da aka saba bi ƙara ƙarfi yake yi, wanda ba a bi kuwa sai ya yi rauni, da haka mutum ke koyon abu har ya zame masa jiki.

Ta iya bayani, wannan ba zan hana ta ba. Na fahimta sarai, kuma fahimtar ta ƙara mini haushi, don ko ciwon uwata sai ta bakin Auta na san shi.

Haka muka shiga sabuwar rayuwa. Likita ya ce a riƙa ba ta ƙwayar kafin abinci, don ta samu ƙarfin tauna da haɗiya. Ta safe ba gardama. Ƙarfin safiya kuwa Inna ta riga ta raba shi, rabi na lazimi, rabi na waya da Auta kafin ta fita aiki. Rigimar a ta rana take. In na kawo mata bayan azahar, sai ta kau da kai ta dubi bango.

"Wasu su ajiye tukuna. Ba a bugo ba."

Auta takan tashi aiki wajen la'asar, ta biya gida ta duba yaranta, sannan ta bugo mini ta ce, "Yaya, na taso." Wannan kiran Inna ke jira. Da ta ji wayata ta yi ƙara sai ta miƙo hannu. Ta haɗiyi ƙwayar, in taya ta sauya zane, in ɗaura mata ɗankwali, ta sa in ja mata kwalli. Kafin motar Auta ta tsaya a bakin lungu, ido ya buɗe, haɓa ta tsaya da kanta, murya ta dawo. Su zauna a kan darduma su yi ta hira. Labarin asibiti, labarin jikoki, wace ce ta haihu, wace ce ta yi yaji. Inna har da dariya tana tafa hannu. Ni ina gefe ina taka keke, ina jin kowace kalma tana shiga mini kamar allura. Kafin ƙarfin ya janye Auta ta yi sallama, don tana tsoron cunkoson hanya.

Nawa rabon shi ne abin da ya rage. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ta safe ta gama aiki ta rana kuma an hana, ni ke zama da kofin kunu ina ba ta a cokali, ina jira ta haɗiye, ina bubbuga mata baya in ta ƙware. Ni ke share abin da ya zubo ta gefen baki. Ni ke riƙe ta zuwa bayi, in zuba mata ruwan alwala, don hannun ba ya ɗaga buta. Duk wannan a shiru muke yinsa. In tana son abu ta taɓa gwiwata ta nuna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na gaya wa Auta jikin Inna ba ya yi mini daɗi, da rana sai ta zama kamar tsumma. Ta ce, "Haba Yaya, kin cika ƙorafi. Ni kullum garau nake samunta. Maganin nan yana aiki sosai." Na buɗe baki zan ce ai saboda ke ake ajiye shi, sai na hango Inna daga ɗaki ta kafe bango da ido, irin kafewar da na sani tun ina yarinya. Na haɗiye maganata. Ban san ko biyayya ce ta hana ni ba, ko kuwa ƙyashin in faɗa wa yarinyar nan da bakina irin matsayinta.

Akwai wata Madam, Ibo ce, tana da firiza a bakin titi wajen Kakuri, wurinta nake sayen ƙanƙara saboda Inna ta ji daɗin sanyin nan a idonta, duk da buɗewar ba ta daɗewa. Ta yi shekara da shekaru a Kaduna, Hausarta ta fi ta wasu Hausawan gudu. Wata rana ta rako ni ta gaida Inna, ta ji ana ce mini wasu. A hanya ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Hajiya, wait. Mamanki ba ta kiran sunanki? At all?"

Na ce al'ada ce, kunyar 'yar fari.

"Chineke! A wurinmu first daughter ita ce sarauniyar gida. In ta yi magana, ko maza sai su yi shiru. Kin yi kuskuren gida, da wurinmu kika zo."

Muka yi dariya. Na kare al'adarmu iyakar iyawata, na ce mata ai kunya ado ce, kuma wanda aka fi jin nauyinsa shi aka fi so. Haka kakata ta gaya mini, haka ni ma nake gaya wa mutane. Amma a keke napep ɗin da na hau zuwa gida, ƙanƙara na narkewa a cinyata, sai da na ja mayafi na rufe fuska.

Ranar da abin ya faru, ranar aiki ce kamar kowace. Auta ta bugo ta ce ta taso. Inna ta sha ƙwaya, na ja mata kwalli, ta sa na ɗauko mata sabon ɗankwalin da Auta ta kawo mata. Na shimfiɗa darduma a inuwar ɗaki. Ido ya fara buɗewa ke nan sai wayar ta sake ƙara. Auta ce, ana ta hon a bayanta. Wai wata tankar mai da ta fito daga wajen Rido ta lalace ta gindaya a hanyar matata, ba gaba ba baya. Ta ce ko mashin ba ya wucewa, amma tana nan tafe.

Na faɗa wa Inna. Ta ce, "Allah ya kiyaye," ta gyara zama tana kallon ƙofa.

Na koma kan keke na taka kaɗan, sai na ga ɗinkin ya karkace. Na tsaya. Gidan tsit, sai kukan tattabarun maƙwabta. Ga Inna zaune da ƙarfinta, ido biyu a buɗe, murya cike da baki, kuma babu kowa a tsakaninmu. Na duba rayuwata ban tuna ranar da muka taɓa zama haka ba. Kullum akwai wani, ko Baba, ko yara, ko ciwo. Zuciyata ta ce, in ba yau ba sai yaushe? Na sauko na zauna a bakin dardumar, daidai wurin zaman Auta.

Ta dubi bango. "Wasu sun bar tukunya a wuta."

"Na sauke, Inna."

"Akwai shanya a igiya."

"Na kwashe." Haushin kaina ya kama ni, mace da jikoki. "Inna, yau dai ni ce a gabanki. An sha magani, wadda aka sha dominta ba ta zo ba. Kada ya tafi a banza."

Ta ci gaba da kallon bango.

"Ki kira sunana. Sau ɗaya. Ba kowa a gidan nan, daga ni sai ke sai Allah."

"Subhanallahi," in ji ta. "Wasu sun girma ba su san sun girma ba."

Nan fa abin da na shekara hamsin ina dannewa ya ɓalle. Na ce mata ni ke wanki, ni ke ba ta kunu, ni ke tashi in ta yi tari. Na ce ta ƙi cin abincin rana da ƙarfinta, ta gwammace ta ƙware a hannuna, don dai ta ajiye bakinta ta yi hira da 'yar lele. Na ce ni ba kuɗi na roƙa ba, ba gado ba, sunan da ita da Baba da kansu suka yanka rago suka raɗa mini nake so in ji. Na ce ina kishin Auta, ina kishinta tun tana cikin tsumma, kuma na gaji da yin kamar ba na yi. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan, har tattabarun suka tashi.

Ta bari na gama. Sannan ta yi magana, da muryarta ta da, wadda ba hanci a ciki, tana kallon gefen dardumar.

"Uwata har ta mutu ba ta kira yayanmu ba, kuma shi ya sa ta a kabari da hannunsa. Bai taɓa tsare ta yana tuhuma ba." Ta numfasa. "Ita Auta da baki nake riƙe ta. Zuciyarta ba ta da ƙwari. In ta zo ta tarar da ni a zube, tsorata za ta yi, gobe ta nemi dalilin da zai hana ta zuwa. Wasu kuwa ko na yi shiru suna nan."

Na san yabo ne. A bakin Inna ma ya fi yabo. Amma ni a lokacin ji na yi kamar an ce mini, ke turmi ce, inda aka ajiye ki nan za a same ki. Na ce, "Ni ma ina so a riƙe ni da bakin."

Sai na ga ta gyara ɗankwali, ta haɗiyi yawu, ta buɗe baki. Leɓɓanta suka haɗu yadda za su haɗu in za a fara sunana. Suka tsaya a haka suna rawa. Wata da watanni ina kallon bakin nan, na san yadda yake yi in ciwo ne ya riƙe shi, haɓa ke saki, harshe ya yi nauyi. Wannan ba ciwo ba ne. Magani na kan ganiyarsa, tsoka na jiran umarni. Ta gwada, na gani da idona ta gwada, har gumi ya tsattsafo mata a goshi. Sai ta sauke kai ta ce, "Allah ya yi wa wasu albarka. Allah ya ba su masu yi musu."

Na ce amin, don ba a ƙin amsa addu'ar uwa, amma da ƙyar ta fito. Na tashi na koma kan keke na farke ɗinkin da ya karkace. Sauran lokacin muka cinye shi haka, ita tana kallon ƙofa, ni ina taka keke da ƙarfin da bai kamata ba. A hankali na ga fatar idon ta fara saukowa, ta hagu tukuna, sannan ta dama. Hannu ya tafi haɓa. Kwallin da na ja mata ya ɓace a ƙarƙashin fata.

Gab da magariba Auta ta yi sallama, a gajiye, takalmi a hannu. Inna na jin muryarta ta lalubi mayafi za ta rufe fuska, hannun ya kasa kaiwa. Auta ta tsaya cak a tsakar gida. Duk karatunta, duk bayanin lungu da ƙofofi, ba ta taɓa ganin abin a fuskar uwarta haka ba. Jakarta ta faɗi.

"Momi? Yaya, me ya same ta? Tun yaushe?"

"Kullum," na ce. "Haka take kafin ki zo, haka take bayan kin tafi."

Ta tambaye ni lokutan da ake shan ƙwayar, na faɗa mata gaskiya. Ta dafe kai. "Wato ba ta cin abincin rana da magani? Yaya, ƙwarewa fa na iya kai abinci huhu! Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Na faɗa, kika ce na cika ƙorafi."

Ta fashe da kuka kamar yarinyar da na goya. Ta ce daga gobe a kan lokaci za a riƙa sha, ko ta zo ko ba ta zo ba, kuma yanzu ba halin a ƙara wata sai lokacinta ya yi. Ta durƙusa za ta share wa Inna baki, Inna ta kau da kai. Ta sake kai hannu, aka sake kaucewa. Auta ta ɗago ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Ke tana bari ki taɓa ta a haka. Ni ba ta taɓa bari na ma gani ba." Na ji wani daɗi mara kyau ya ratsa ni, ba zan ɓoye ba, amma bai daɗe ba.

Inna ta lalubo gwiwata ta taɓa. Ta nuna idanunta da yatsa, sannan ta nuna sama. Ba ta taɓa neman wannan ba, sai da ta sake nunawa na gane. So take a ɗaga mata.

Na durƙusa a gabanta, na dafa goshinta, na sa manyan yatsuna na tura fatar idon sama a hankali. Ba yadda za a yi wannan aikin sai fuska na daf da fuska. Idanun suka buɗe, babu bango, babu gefen darduma, ni ce kawai a gabansu. Ta kalle ni. Ban taɓa sanin ƙwayar idon Inna ruwan ƙasa ba ce, da wani farin zobe na tsufa a gefe, sai ran nan. Ba ta kauce ba. Ta dubi goshina, ta dubi furfurar da ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwalina, ta dawo cikin idona ta tsaya, har na ji numfashinta a fuskata.

Sannan idanun suka zame ta saman kafaɗata suka sami Auta. Ta tattaro ɗan abin da ya rage mata, ta hanci, da ƙyar, ta kira ta da sunanta, ta ce ta daina kuka.

"Na daina, Momi," in ji Auta.

Ladan ya fara kiran salla. Ba wadda ta motsa a cikinmu, don Inna ba ta gama kallon 'yarta ba, ni kuma in na saki idon rufewa zai yi.